Amsar da Ta Riga Tambaya

Sanin kowane ɗalibin Hausa ne cewa tsawon wasali kaɗai ya raba garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Kunnen Bahaushe yana rarrabe su ba tare da wahala ba. Abin da wata ɗaliba ta ƙuduri aniyar aunawa a kundinta shi ne tsawon lokacin da kunne yake ɗauka kafin ya yanke wannan hukunci. Ta rubuta 'yar manhaja da harshen Python, wadda za ta furta kalma, mai sauraro ya latsa maɓalli, kwamfuta kuma ta rubuta lokacin furuci da lokacin latsawa. Sai a ɗebe na farko daga na biyu. A ganinta aikin bai wuce nan ba.

Bayan ta gama da masu sauraro, sai ta zauna da dare tana duba alƙaluma, ta ga wani abu da ya hana ta barci. Amsoshin suna ta maimaita kansu: milisakan 500, 516, 531, 547, babu ko ɗaya a tsakani, sai ka ce mutanen sun haɗa baki. Daɗin daɗawa, akwai amsa guda da ta fito ƙasa da sifiri, watau mutumin ya latsa maɓalli tun kafin a furta masa kalmar.

Laifin na agogon da ta tambaya ne. Umarnin time.time yana karanta agogon kwanan wata, mai ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970. A bisa al'adar Windows, ana tura wannan agogo gaba sau 64 ne kacal a sakan guda, watau kowane taki milisakan 15.6 ne, kuma Python bai daina dogaro da wannan taki ba sai a fitowa ta 3.13, a 2024. Kwamfutarta tsohuwa ce, manhajarta ma haka. Wanda ya auna gero da buhu ba zai iya faɗin tiya nawa ya samu ba. Ita kuwa amsar da ta riga tambaya, dalilinta shi ne agogon kwanan wata yana karɓar gyara daga intanet. Idan ya yi gaba da yawa, sai a jawo shi baya, ko da ana tsakiyar awo.

Ashe akwai wani agogo na dabam cikin na'urar, wanda bai san rana ko shekara ba, ba ya kuma komawa baya. Ƙirge kawai yake yi. A Windows sunansa QueryPerformanceCounter, kuma a yawancin kwamfutocin zamani yana bugawa sau miliyan 10 a sakan. Python ya buɗe ƙofarsa tun 2012 da umarnin perf_counter, sa'an nan a 2018 ya ƙara perf_counter_ns mai ba da amsa da nanosakan. Layi biyu ta canja, alƙaluma suka warware.

Murnarta ba ta daɗe ba, domin kuwa yawan lambobi bayan ɗigo yana da ruɗi. Agogon yana rubuta lokacin da manhaja ta ba da umarnin furuci ne, alhali sautin yakan ɗan jima a hanya kafin ya fito daga lasifika. Haka nan allon maɓallai na USB na gama-gari, sau 125 ake leƙa shi a sakan, don haka latsawa tana iya jiran milisakan 8 kafin a san da ita. Dabarar da ta fitar da ita mai sauƙi ce: ta ajiye makirfo tsakanin lasifika da maɓalli, ta naɗi kalmar da ƙarar latsawa a faifai ɗaya, ta gwada tazararsu da abin da manhaja ta rubuta.

Saura tsoffin alƙaluman. Masana lissafi suna da gaskiya da suke cewa irin wannan kuskure yakan shafe kansa idan amsoshi suka yi yawa ƙwarai. Amma nata masu sauraron kaɗan ne, bambancin da take nema kuma bai kai taki guda na tsohon agogon ba. Da ta goge amsar nan ɗaya ta yi shiru, da wuya wani ya gane. Mako uku ya rage a miƙa kundi.

Da safe ta sami malamin da ke duba aikinta, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, awon da na kawo maka bai inganta ba." Ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya tambaye ta ko mutanen za su yarda su dawo. Ta ce za ta roƙe su. Ya ce ta ƙara babi a kan agogon, ta kuma bar amsar da ta riga tambaya a cikinsa yadda ta fito.