Agogon Sassarfa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Da likita ya umarce ni da sassarfa saboda hawan jini, sai zaɓen agogon GPS ya zame mini jarrabawa. Shi wannan agogo yakan saurari taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu, daga nisan kilomita wajen 20,000, kafin ya faɗi tazarar da mutum ya ci. Ga Garmin, ga Coros, albashin malami kuwa sananne ne. Abu uku na auna: ƙarkon batir, domin wutar Legas ba ta da alkawari, ƙidayar bugun zuciya, sai hasken fuskarsa da asuba. Mai araha na ɗauka. Ado na samari ne. Ni mai shaida nake nema, wanda bai san kara ba.