Tayin da na yi wa ɗakin da ban gani ba

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alƙalamin Maigida, dattijon unguwarmu a nan Kumasi, kuma babu aikin da ya fi yawa a hannuna kamar na baƙi. Mutum zai sauko daga mota da jakarsa, daga Yamai ko Sakkwato ko Bawku, ya yi sallama a zaure, a ce mini, "Malam, a nema masa wurin kwana." Haka muka gada tun zamanin fataken goro, lokacin da maigida ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa bayan ciniki ya faɗa. Saboda haka ban taɓa zaton wani zai koya mini sha'anin masauki ba, sai da na je Amurka a 2015.

Babban ɗana ne ya kai mu, ni da Hajiya. Yana zaune a Bronx, cikin birnin New York, inda 'yan zango suke da yawa har mutum kan manta ya bar gida. Da makarantu suka yi hutun bazara sai ya ce zai kai mu Washington kwana uku, mu shida: mu biyu, shi da maiɗakinsa, da jikokinmu biyu. Burina a can ɗaya ne, in yi sallar Juma'a a babban masallacin nan na titin Massachusetts da aka buɗe a 1957. Yara kuwa gidajen tarihi na Smithsonian suke so, waɗanda ba a biyan kuɗin shigarsu.

Da dare ya buɗe kwamfuta ya nuna mini wani irin ciniki da ake yi a lokacin. Otal-otal kan kwana da ɗakuna babu kowa, kuma daren da ya wuce ba ya sayuwa gobe. Suna so su karyar da farashi, amma ba sa so a ji sunansu, don kada mai biyan cikakken kuɗi ya ga an yi masa wayo. Sai su miƙa ɗakunan ga wani shafi. Kai mai nema za ka zaɓi shiyyar gari, da darajar otal, tauraro uku ko huɗu, ka rubuta abin da za ka iya biya, ka sa lambar katin bankinka. In wani otal ya karɓa, nan take an cire kuɗin, sannan ne za a gaya maka sunansa. Babu fasawa, babu mayarwa. In kuma an ƙi tayinka, sai ka jira kwana guda, ko ka sauya wani abu, misali ka ƙara wata shiyyar.

Da na ji kalmar tayi sai na gyara zama. Ni da na yi shekaru ina raka baƙi kasuwar Kumasi, ina karya farashin atamfa da goro? Na ce masa ya matsa.

Ya ce, "Baba, a fara da dala 90, ɗakunan nan sun haura 150."

Na ce wanda ya fara da 90 bai san kasuwa ba. Na sa ya rubuta 55. Aka ƙi. A kasuwa, idan mai kaya ya ce albarka, fuskarsa nake duba, daga nan nake gane saura nawa ya sallama. Wani lokaci in juya kamar zan tafi, ya kira ni. Nan kuwa babu fuska, babu mai kira, rubutu ne kawai ya fito cewa ba a karɓa ba. Haƙurin kwana guda ya gagare ni. Na ce a ƙara shiyya, a hau 62. Aka ƙi. Na ce a ƙara wata. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, sai kunya ta hana shi, ya danna. A dala 68 aka sallama mana ɗaki biyu, na yi hamdala da ƙarfi har Hajiya ta leƙo daga kicin.

Sai sunan otal ya fito. Yana can kusa da filin jirgin saman Dulles, a jihar Virginia, kusan kilomita 40 daga tsakiyar Washington, kuma a shekarar jirgin ƙasan birnin bai kai can ba tukuna. Shiyyar ƙarshe da na sa aka ƙara ke nan, ban ko dubi taswirarta ba. Haraji da kuɗin hidima kuma suka hau kan 68 ɗin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sharaɗin da ke rubuce a fili, wanda ɗana ya karanta mini ina sauraro da rabin kunne: an lamunce ɗakin zai ɗauki manya biyu, amma ba a yi alkawarin yawan gadaje ba. Muka isa da la'asar, muka tarar kowane ɗaki gado ɗaya ne. Ma'aikaciyar ta duba mana da ladabi, ta ce masu gado biyu sun cika. Jikana namiji ya kwana a ƙasa kan barguna a ɗakinmu, ƙanwarsa ta matsu tsakanin iyayenta. Surukata ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi da a ce ta yi ƙorafi.

A daren na kasa barci, sai karatun zaure ya dawo mini. Mun karanta babin ciniki a Risala da Askari, mun san an hana cinikin garari, wato wanda ba a san abin da za a samu ba, kamar kifi a ruwa ko ɗan da ke cikin dabba. Mun kuma san malamanmu na Malikiyya sun yarda a sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi siffa mai gamsarwa. To, wanne ne wannan? Ba ni da matsayin ba da fatawa, kuma na ga masu shafin sun siffanta abin da suka siffanta: shiyya, daraja, farashi, ba su ɓoye sharaɗi ba. Ga matafiyi shi kaɗai da jakarsa, ina ganin siffar ta isa, kuma rangwamen na gaske ne, domin ɗakin mai tsabta ne, ya fi kuɗinsa nesa. Amma mai iyali abin da yake saye daban ne. Yana sayen gado ga kowane yaro, da kusanci ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, da damar fasawa in jariri ya kwana da zazzaɓi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin siffar. Cinikin biri a sama na yi, da kuɗin ɗana, ina taƙama da iya ciniki.

Ranar Juma'a muka fito da wuri, cunkoson hanya ya riƙe mu, neman wurin ajiye mota ya cinye sauran lokacin. Hajiya ta taka abin da bai kamata ta taka ba. Muka samu raka'a ta biyu da ƙyar, a sahun waje. Abin da muka kashe a mai da kuɗin ajiye mota cikin kwana ukun, da na lissafa a bayan takardar otal, ya cinye fiye da rabin abin da na ce na rage.

Bayan sallama wani dattijo ya ji muna Hausa, ya matso muka gaisa. Ashe mutumin Nima ne, daga Accra, ya shekara talatin a can. Ya tambayi inda muka sauka, ɗana ya gaya masa. Ya riƙe baki, ya dube ni.

"Haba Malam, kai da ke saukar da baƙin Kumasi? Gidana minti ashirin ne daga nan, ɗakuna biyu a rufe tun da yara suka yi aure. Me ya hana ku tambaya a Bronx? Kowa ya san ni."

Na ce masa mun riga mun biya, kuma ba a mayarwa. Ya ce to abincin dare dai ba a biya ba tukuna. Muka bi motarsa a baya, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, jikana ya yi barci a kan kujerarsu tun kafin a kawo shayi.