Wayar da ta Cinye Min Kuɗin Abinci

Duk ɗalibin da ke zaune a cikin gari ya san babur ba ƙawa ba ne, ƙafa ce. Nawa tsoho ne, yayana ya bar min da zai tafi bautar ƙasa, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai a makon jarrabawar zangon da ya wuce, washegarin wani ruwa da aka kwana ana tafkawa.

Ƙarfe bakwai na fito, jarrabawa takwas da rabi. Na buga kik, shiru. Na ja cok, na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa min riga. Mai dai akwai, don na zare tiyon da ke shiga kafireta na ga fetur na zuba. To ni fa ɗalibin lantarki ne, ND II, sai na ce bari in nuna wa mashin ɗin nan na yi karatu. Na kwance fulogi, na mayar da shi cikin hularsa, na jingina ƙarfensa da jikin inji, na buga kik. Lafiyayyen fulogi zai ba ka tartsatsi shuɗi mai ƙara. Nawa ko ƙyas. A adaidaita sahu na isa makaranta, an riga an raba takardu.

Da yamma na sa sabon fulogi, babu wuta. Sai na zauna na yi lissafi irin na aji: wuta tana tasowa daga magneto, ta shiga CDI, shi ya sake ta zuwa kwayil, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, sannan ta tsallaka bakin fulogi. A raina na yanke hukunci ruwa ya kashe CDI. Ban gwada komai ba, wallahi. Na ɗauki kuɗin abincina na wajen mako guda na sayo sabo. Na ɗaura, na buga, shiru. Da na koma shago, mai kayan ya ce, "Malam, kayan wuta ba a dawo da su."

Haka na tura babur har gindin bishiyar wani dattijon bakanike. Na zayyana masa bayani da Turancin aji, shi ko tashi bai yi ba, yaronsa ya kira, wanda bai fi shekara 14 ba. Yaron ya buɗe murfin gefe, ya zare waya ɗaya tak daga soket ɗin CDI, baƙa mai ratsin fari, ya buga kik sau ɗaya. Babur ya tashi.

Ashe a irin wannan mashin, makulli ba shi ke ba fulogi wuta ba. In ka kashe, aikinsa shi ne ya haɗa wannan wayar da ƙarfen jikin babur, wutar ta zurare can, inji ya mutu. Tawa wayar ta goge a wuyan babur, inda kai ke juyawa, har tagullarta ta fito tana taɓa ƙarfe. Wato ko na murɗa makulli, a wurin CDI a kashe yake. Yaron ya sa giya ya kashe injin, tunda makullin ba zai kashe ba sai an mayar da wayar, ya naɗe wurin da salatif, ya kauce da ita daga inda take gogewa.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, a makarantar taku ba a ba ku mita ba ne?"

Na ce, "Akwai, Baba." Tana ma cikin jakar da ke bayana. Da na kunna makulli na auna tsakanin wayar nan da jikin babur, ƙararta kaɗai ta isa ta gaya min inda matsalar take.

Tsohon CDI ɗin muka mayar, lafiyarsa ƙalau, har yau shi ke kawo ni lacca. Sabon yana nan a kwalinsa. Duk mai buƙata ya neme ni a sashen lantarki, zan yi masa ragi.