Tsakanin 'Jirgin So' da 'Jaruma': Wacce ta fi zama a ranmu?

Mu 'yan Kakau da muka taso tare, yanzu karatu ya rarraba mu. Wasunmu suna Jami'ar Jihar Kaduna, wasu suna Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wasu kuma suna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Amma akwai gardama guda da ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu duk da nisan: tsakanin Jirgin So ta Umar M. Shareef da Jaruma ta Hamisu Breaker, wacce ta fi?

Yayyenmu dariya suke yi mana idan suka ji. Wai yaushe ma aka haife mu da har za mu riƙa cewa "waƙoƙin da"? Su a wurinsu, waƙar da ita ce irin Sangaya ta zamanin kaset ɗin bidiyo. Ba mu ja da su ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai ga mai shekara ashirin, abin da ya ji yana ɗan shekara goma sha biyu ya riga ya zama tarihi, balle kuma a yankinmu inda abubuwa da yawa suka sauya cikin ɗan lokaci. Don haka muka ga ya dace mu ɗora waƙoƙin nan biyu a kan sikeli, mu faɗi wadda ta rinjaya a wurinmu da kuma dalili.

Jirgin So ta fito ne a cikin fim ɗin Mansoor na kamfanin FKD, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni, aka sake shi a 2017. Umar M. Shareef, wanda a da an fi saninsa da rera waƙa, shi ne ya fito a matsayin jarumi, tare da Maryam Yahaya, wadda wannan fim ne ya fito da ita duniya ta san ta. Labari ne na wani saurayi da soyayya ta kai shi ga binciken asalinsa. A lokacin yawancinmu muna shiga ƙaramar sakandare, kuma babu mai waya a cikinmu. Waƙar ta same mu ne ta hanyoyin da ba mu zaɓa ba: a wayar yayanmu idan ya aike mu kai caji, a shagon aski, a cikin Keke Napep, a gidan biki, da kuma wurin masu tura waƙoƙi a memori. Kafin mu kalli fim ɗin mun riga mun haddace ta.

Ginin waƙar irin na waƙoƙin fina-finan Hausa ne da aka saba, wato ba ni in ba ka tsakanin muryar namiji da ta mace, a kan kiɗan fiyano mai tafiya a hankali. Babu gaggawa a cikinta. Namiji ya yi baitinsa ya tsaya, mace ta amsa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kai aya. Wannan ya sa ba a jin daɗin rera ta mutum ɗaya. A aji, idan malami bai shigo ba, sai maza su ɗauki ɓangare guda, mata su ɗauki ɗayan, ana buga benci a madadin ganga, har sai an hango bulala ta doso. Ba mu san komai game da soyayya ba a lokacin. Abin da muka sani shi ne idan ka fara, akwai wanda zai karɓa.

Akwai kuma wani abu da ya sa waƙar ta zama kamar tamu ta gida. A Hausa, kalmar jirgi ta haɗa na ruwa da na sama da na ƙasa, kuma kowa da wanda yake gani a zuciyarsa idan ya ji sunan waƙar. Mu dai jirgin ƙasa muke gani. A watan Yulin 2016 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin Abuja zuwa Kaduna, mai tafiyar kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, kuma Kakau na cikin ƙananan tashoshin da ke kan layin. Shekara guda ke nan kafin waƙar ta fito. Muna yara, jin ƙarar jirgin kaɗai ya isa ya sa mu bar abin da muke yi mu ruga kallo, muna ɗaga wa fasinjojin da ba su san da mu ba hannu. Ga shi kuma mawaƙin ɗan Rigasa ne, inda layin ya ƙare. Sai abin ya haɗe mana wuri guda: sabon jirgi, sabuwar waƙa, da wani ɗan garinmu da ya zama tauraro.

Duk wanda ya san Kaduna ya san cewa tun bayan rikicin shekarar 2000, kogin da ya ratsa garin ya zama kamar iyaka, mutane da yawa suka koma zama inda nasu suka fi yawa. Mu bayan wannan aka haife mu, haka muka tarar da garin. Amma waƙar da ta fito daga Rigasa ba ta tsaya a bakin gada ba. A Kakau da Gonin Gora da Sabon Tasha, inda Gbagyi da Hausawa da Adara da Bajju da sauran ƙabilu suke ciniki da Hausa, mun ji ta a bikin da aka ɗaura a masallaci, mun kuma ji ta a wanda aka ɗaura a coci. A ajinmu ma, masu amsa baitin mace ba a tambayar sunansu ko inda suke ibada.

Ita kuwa Jaruma, wadda wasu ke kira Jarumar Mata, a 2020 ta zo, shekarar korona. Daga ƙarshen watan Maris har zuwa farkon Yuni, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar kulle mai tsanani. An rufe makarantu da kasuwanni da wuraren ibada, an hana shige da fice. Ista ta wuce a cikin gida, azumi ya zo ya wuce, ƙaramar Sallah ma a cikin gida aka yi ta. Muna da shekara goma sha biyar, lokacin da jini ke tafasa, aka ce mu zauna. Wasunmu a wannan zaman ne suka fara riƙe waya, mafi yawa tsohuwar da wani babba ya gaji da ita. A cikin wannan shiru ne muryar Hamisu Breaker, ɗan Ɗorayi a Kano, ta cika gidaje.

Gaskiya ɗaya ce, Jaruma ta iya kama kunne. Ji ɗaya za ka yi mata amshin ya liƙe maka, ka wuni kana maimaita shi ko kana so ko ba ka so. Kiɗanta yana da sanyi amma yana motsa kafaɗa. Murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, namiji yana zuba wa mace kirari da yabo, yana bayyana yadda ta mamaye zuciyarsa. Kuma ba ta jingina da wani fim ba, da ƙafarta ta tsaya. Wannan ma alama ce ta sauyin zamani, domin a da mawaƙin soyayya yakan jira furodusa ya sa waƙarsa a fim kafin ta yaɗu, amma zuwa 2020 YouTube da Instagram da TikTok sun ba shi hanyar kai wa ga jama'a kai-tsaye.

Kowa ya tuna abin da ya biyo baya a wajejen Sallar: matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawa da waƙar a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Wasu suka ce nishaɗi ne tsakanin mata da miji, wasu, ciki har da malamai, suka ce an fito da sirrin ɗaki kasuwa. Surutun ya ƙara wa waƙar suna. Har yau a jami'a muna haɗuwa da ɗalibai daga Kudu waɗanda ba sa jin Hausa, amma da an kunna Jaruma sai ka ga sun gane ta, suna bin amshin da gurguwar Hausa. Jirgin So ba ta yi irin wannan nisan ba.

Masu goyon bayan Jaruma a cikinmu da wannan suke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa waƙar da ta ɗebe maka kewa a lokacin ƙunci ta fi wadda ta same ka kana cikin jin daɗi, kamar yadda abokin kuka ya fi abokin dariya. Suna cewa idan batun kiɗa ne da tsabtar sauti da saurin shiga rai, Jaruma ta yi gaba. Wani ma cewa yake yi yarinta ce kawai ke ruɗar mu, da a ce yau Jirgin So ta fito da ba za mu tsaya sauraronta har ƙarshe ba.

Mun yarda da rabin maganar. Idan gasar kiɗa ake yi, za mu miƙa wa Jaruma kofi ba tare da jayayya ba. Amma tsohuwar waƙa ba da kunne kaɗai ake jin ta ba. Tana zuwa da wurin da ka fara jin ta, da mutanen da ke kusa da kai a ranar. Idan muka kunna Jaruma, abin da ke dawo mana shi ne ɗaki a rufe, zafin watan Afrilu, jiran a kawo wuta a yi caji, da kowa ya sunkuya a kan wayarsa da abin sauraro a kunne. Kowannenmu ya so ta, amma kowa shi kaɗai ya ji ta. Sai da aka koma makaranta muka gane ashe waƙa ɗaya muke ta saurare a gidaje daban-daban.

Abin da ya ƙara nauyin wannan shi ne abin da ya zo bayan kullen. An ɗage na gwamnati, sai tsoro ya kafa nasa. A watan Afrilun 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Chikun, suka kashe biyar daga cikinsu. A watan Yulin shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar sakandaren Bethel Baptist, su ma sa'o'inmu ne. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu fasinjoji, aka tafi da wasu daji. Jirgin bai sake tafiya ba sai a watan Disamba. Wata takwas da ɗoriya layin dogon da muke rugawa kallo yana kwance shiru. A waɗannan shekarun, da magariba ta yi kowa ya shige gida. Bukukuwa suka koma na rana, a gaggauce. Wasu iyalai suka tattara suka koma cikin gari ko garuruwansu na asali, kuma a cikin waɗanda suka tafi akwai waɗanda muke buga benci tare da su. Wasu muna gaisawa a WhatsApp, wasu ko lambarsu ba mu da ita.

Ba laifin Hamisu Breaker ba ne, shi waƙa ya yi kuma ta yi daɗi. Sai dai a lissafin rayuwarmu, Jaruma ta faɗo daidai bakin ƙofar shekarun ƙunci, ita kuma Jirgin So tana can baya, a lokacin da yaro zai fita tun safe ba a neme shi ba sai cin abincin dare, lokacin da hanyar Abuja hanya ce kawai, jirgi kuma abin sha'awa ne.

Saboda haka mu Jirgin So muka zaɓa. Mun zaɓe ta domin ita ce waƙar ƙarshe da muka koya tare, baki da baki, kafin kowa ya mallaki wayarsa. Mun zaɓe ta domin gininta ma yana neman mutum biyu: ko yanzu idan ɗayanmu ya fara ta a ɗakin kwanan ɗalibai, yakan kai wurin da dole ya yi shiru ya jira a amsa masa. Wani lokaci babu mai amsawa. Wani lokaci kuma sai murya ta fito daga ɗakin da ke kusa, ta wani ɗan Funtuwa ko Kafanchan da ba mu taɓa magana da shi ba, daga nan kuma an zama abokai.

Jaruma tana nan a wayoyinmu, kuma ranar bikin duk wanda ya riga yin aure a cikinmu, mun san ita za ta fi tayar da mutane daga kujera. Ba mu da ja a kan haka. Ƙannenmu ma da ke tasowa yanzu suna da nasu, mafi yawa gutsattsarin daƙiƙa talatin da suke tsinta a TikTok, kuma nan da shekara takwas su ma za su zauna su yi irin wannan gardamar a kan waƙoƙin da mu ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Fatanmu dai Allah Ya zaunar da Kakau da Kaduna baki ɗaya lafiya, yadda idan lokacin ya zo, abokan da suka koyi waƙar tare za su kasance suna kusa.