Bindigar Kaboyi da Adakar Kakana

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Tun ina yaro nake ganin bindigar kaboyi a finafinan da muke taruwa mu kalla a gidan wani maƙwabcinmu mai bidiyo. Jarumin kan tura wani ƙarfe ƙasa ya jawo shi sama, ya harba, ya sake turawa, mu kuwa muna ta ihu muna tafi. Ban taɓa zaton zan riƙe irinta da hannuna ba, sai da na sami damar zuwa Amurka na shekara guda domin taimakawa wajen koyar da Hausa a wata jami'a.

Mai gidan da na kama haya wani dattijo ne da ya yi ritaya, ba shi da abin sha'awa da ya wuce tsofaffin bindigogi. Wata rana da yamma ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle su, ya fiddo ɗaya, ya duba cikinta ya tabbatar babu harsashi, sannan ya miƙo mini. Ya ce sunanta Winchester 1873. Abin da ya fara damuna, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda zan kira ta da Hausa. Ba adaka ba ce, tunda ba ta baki ake ɗura ta ba, kuma ba mai ruwa ba ce, tunda kowane harbi sai hannu ya yi aiki. A ƙarƙashinta akwai mariƙi mai kama da zobe wanda ake zura yatsu a ciki. Idan aka tura shi ƙasa sai ya fitar da kwanson da aka harba ya kuma ɗana bindigar, idan aka jawo shi sama sai ya shigar da sabon harsashi daga wani bututu da ke kwance ƙarƙashin hancinta. Daga ƙarshe dai na raɗa mata "mai mariƙi", har zuwa lokacin da masana za su ba mu wanda ya fi shi.

Ganin sha'awata, sai dattijon ya ɗora mini littattafai. A cikinsu na karanta cewa wani mai suna Benjamin Tyler Henry ne ya ƙera kakar waɗannan bindigogi a 1860, a masana'antar Oliver Winchester da ke garin New Haven. Takan ɗauki harsashi 15 a bututunta, a zamanin da yawancin sojoji sai sun sake ɗuri bayan kowane harbi. A 1866 aka fito da wadda ake ɗura ta ta wata 'yar ƙofa a gefe, wadda sojojin Turkiyya suka yi amfani da ita a kan Rashawa a yaƙin Plevna a 1877. Ita kuwa ta 1873 an ƙera sama da 700,000, har aka yi fim da sunanta a 1950. Masana'antar ta New Haven ta rufe a 2006.

Wani abu da ya sanyaya mini jiki shi ne labarin yaƙin Little Bighorn na 1876. A finafinan ƙuruciyarmu kullum kaboyi ne mai wannan bindiga, 'yan asalin ƙasar kuma su ne mugaye masu kwari da baka. Ashe a wannan yaƙi mayaƙan Lakota da Cheyenne da dama ne ke riƙe da mai mariƙi, sojojin Custer kuwa bindigoginsu masu harsashi ɗai-ɗai ne, kuma mutanen da muke yi wa ihu ƙasarsu suke karewa. Na ji kunyar tafin da na sha yi.

Bincike a kan irin waɗannan bindigogi da lamba yake farawa. Kowace tana da lambarta da aka buga a jikin ƙarfenta, kuma tsofaffin kundayen kamfanin suna ajiye a gidan tarihin bindigogi na garin Cody da ke jihar Wyoming. Mutum kan aika da lamba ya biya kuɗi, su kuma su aiko masa da wasiƙa. Dattijon ya nuna mini tasa. Ta faɗi ranar da bindigar ta shiga ɗakin ajiya da ranar da aka fitar da ita, da girman harsashinta, amma babu sunan wanda ya saye ta. Ya ce shekara da shekaru yana nema, bai gano ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ta kafin shi ba. Ya ba ni labarin wata 'yar'uwarta da aka tsinta a 2014 jingine da itace a gandun dajin Great Basin na jihar Nevada. Lambarta ta nuna a 1882 aka ƙera ta, amma kundin bai faɗi mai ita ba.

Ranar wata Asabar ya kai ni filin koyon harbi mai lasisi. Ya ce tsohuwar bindiga kamar tsohon mutum take, ba a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Sai da gwanin gyaran bindiga ya duba ta kafin ya fara harba ta, kuma baƙin albarushi irin na da yake sa mata, domin na zamani mai ƙarfi yana iya lahanta ta har ya raunata mai harbi. Muka toshe kunnuwa, muka sa tabarau, ya gyara mini tsayuwa, ya ce, "Ɗana, kada yatsanka ya taɓa kunama sai ka shirya." Na auna allon, na danna. Farin hayaƙi ya turnuƙe gabana, ban ma ga inda harsashin ya tafi ba.

Warin hayaƙin nan ne ya mayar da ni gida. Shi ne warin hawan salla a garinmu, lokacin da kakana yake cikin 'yan bindigar hakimi, sanye da jajayen kaya, yana ɗura adakarsa. A wancan lokacin idan aka ce 'yan bindiga, yara murna suke yi su bi su da gudu. Yau kuwa mai karatu ya san abin da kalmar ta koma nufi, da irin faɗuwar gaban da take jawowa.

Da muka koma gida muna wanke bindigar da ruwan zafi da sabulu, domin dattin albarushi yana jawo tsatsa, sai na ba dattijon labarin adakar kakana da ke rataye a zaurenmu. Ya tambaye ni lambarta, na ce ba ta da lamba. Ya tambayi wanda ya ƙera ta, na ce goggona ta san sunan maƙerin da gidansu, ta san abin da aka biya, ta ma san kirarin da ake yi wa kaka idan ya harba. Ya ajiye tsumman da ke hannunsa ya ce, "To ka rubuta?" Na yi shiru. Ya ce shi da yana da mai ba shi irin wannan labari ko na sa'a guda ne, da ya ba da rabin abin da ke cikin akwatinsa.

A daren nan na kira goggo a waya. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaron nan, sai da ka je ƙasar Turawa ka tuna da bindigar Baba?" Da na dawo Nijeriya na je wurinta da rikoda, muka yi kwana uku muna hira. Kirarin ta manta rabinsa, kuma wanda ya san sauran ya rasu shekara biyu kafin zuwana.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muke karatu nesa da gida. Idan aka yi hutu, a duba abin da ke rataye a zaure ko ajiye a ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko takobi ne ko tasa ko allo, a zauna da wanda ya san labarinsa a ɗauka tun yana da rai. Allah Ya ba mu iko.