Sambusa Ba Nama, Baƙo Ba Bashi

Akwai wata al'ada da ta shigo mana gidaje, wadda nake so mu dube ta da idon basira. Yanzu uwargida ba ta ganin ta karɓi baƙo sai ta aje masa faranti cike da sambusar nama ta sayarwa, ko da kuwa da kuɗin bashi aka saye ta. Da azumi ma haka, kuɗin da ya kamata ya kai gida ƙarshen wata sai ya ƙare a goman farko wajen kayan buɗa baki. Ni mazauniyar Lafiya ce, babban birnin Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, kuma na daɗe ina yin sambusata a gida ba tare da ko tsokar nama guda ba. Baƙina suna ci suna neman ƙari, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda nake yi.

Ita sambusa tsohuwar matafiya ce. Asalinta daga ƙasashen Farisa da Larabawa, inda ake kiranta sambusak, daga can ta shiga Indiya. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya isa Delhi a 1334, ya ba da labarin yadda ake kawo ta a fadar Sarki Muhammadu bin Tugluk, cike da niƙaƙƙen nama da albasa da kayan yaji. Shi ne kuma ya ratsa Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353. Daga baya, sa'ad da dankalin turawa ya shiga Indiya, mutanen can, waɗanda da yawansu ba su cin nama, suka maye gurbin naman da dankali. Watau sambusa marar nama tana da nata asali, ba ta kasa ba ce ga ta fada.

Mu kuwa a Lafiya kayan haɗin duk suna kusa da mu. Dankalin turawa daga Bokkos da Mangu yake gangarowa ta hanyar Akwanga, citta daga Kaciya, doya da gyaɗa da riɗi kuwa amfanin gonakinmu ne. Abin da za a saya na kanti fulawa ce da garin kori kawai, shi ma korin haɗi ne na kurkum da waɗansu kayan ƙamshi, kurkum ɗin ne ke ba shi launin ɗorawa.

Ga yadda nake yi. Nakan auna fulawa gwangwanin madara 3, in sa gishiri kaɗan da man gyaɗa cokali 4, in murtsuke har man ya bi garin, sa'an nan in riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya haɗu da tauri. In ina da riɗi nakan barbaɗa cokali guda a ciki. Sai in rufe shi minti 30 ya huta, don kwaɓin da bai huta ba ja da baya yake yi in ana murza shi.

Kafin nan na dafa dankali 4 da karas 2, na yanka ƙanana. Sai in soya albasa da tafarnuwa da citta da attarugu, in zuba kori cokali guda a cikin man tun kafin sauran kayan, saboda ƙamshin kori a cikin mai mai zafi yake tashi, in an zuba shi a ƙarshe sai ya bar ɗanɗanon ɗanyen gari. Daga nan dankali da karas su biyo baya, da dafaffen wake ludayi guda. Waken shi ne ke tsayawa a madadin nama wajen gina jiki. Ran da dankali ya yi tsada, doya nake sawa, kuma tana karɓar kori ƙwarai. Sharaɗi guda dai shi ne haɗin ya tsane, ya kuma huce sarai, gama ruwa da tururi su ne ke fasa ɓawon.

Sai in raba kwaɓin gida 8, in murza kowanne ya zama faifai marar kauri, in yanka shi biyu, in naɗe kowane rabi kamar mazurari, in cika, in liƙe bakin da fulawar da aka dama da ruwa. Ka ga an sami 16 ke nan. Wajen suya, wuta matsakaiciya ake so. Mai in ya yi zafi da yawa bayan zai ƙone ciki bai nuna ba, in kuma bai yi zafi ba sambusar ta sha mai ta yi nauyi.

Na sani akwai masu cewa kai wa baƙo abin da ba nama rowa ce, ko kuwa tona asirin maigida. Ban raina wannan magana ba, domin girmama baƙo gadonmu ne. Amma fa a tuna, magabata cewa suka yi shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙon kirki ba zai so a ci bashi dominsa ba, kuma matar da ta tsaya ta naɗe sambusa 16 da hannunta ta ba shi lokacinta da ƙwazonta, abin da ba a saye a kanti.

Saboda haka, 'yan'uwana mata, ku gwada, ku kuma zaunar da 'ya'yanku maza da mata su koyi naɗin, gama wanda ya iya ya sami sana'ar da ba ta bukatar babban jari. Ku kuma iyayengiji, in aka kawo muku ita gaban abokanku, ku yaba da baki, kada ku tsaya laluben nama a ciki.