Tsibirin Da Ba a Taɓa Kome

A yammacin Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, akwai waɗansu ƙananan tsibirai cikin teku, nisan kamar kilomita 4 daga gaɓa. Ana ce da su tsibiran Madelen, babbansu kuwa sunansa Sarpan. Wuta ce ta haife su. Tun zamanin da, narkakken dutse ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa, ya huce, ya daskare ya zama baƙin dutse. Ba rijiya a wurin, ba rafi, ba gidan kowa. A shekarar 1976 gwamnatin ƙasar ta mai da su gandun da doka ke tsaronsa.

Na ga wurin da idona a watan Janairu na 2018, sa'anda muka je taron malaman makaranta a Dakar. Ran hutu muka shiga kwalekwale mai inji daga bakin ruwan Sumbejun, inda masunta ke sayar da kifi. Aka ba kowa rigar da ke hana nutsewa, ma'aikacin gandu ya zauna tare da mu. Tafiyar ba ta wuce rabin awa ba, amma ga mutumin tudu irina, wanda bai san ruwan da ya fi na kogi ba, ta isa tafiya.

Tun daga nesa muka hangi duwatsun, baƙi ƙirin, amma bisansu fari fat sai ka ce an shafa farar ƙasa. Ashe kashin tsuntsaye ne. Waɗansu manyan tsuntsaye masu dogon wuya sun cika goshin dutsen da sheƙunansu, suna faɗawa ruwa suna fitowa da kifi. Akwai kuma wani farin tsuntsu mai jan baki, da wutsiya doguwa siririya kamar tsinke. Yawancin kwanakinsa a kan teku yake yi, sai lokacin ƙwai ya zo ya nemi kogo cikin dutse. Ma'aikacin ya nuna mana ɗaya a kwance bisa ƙwansa. Muka tsaya kusa, ya dube mu, bai tashi ba.

Da muka hau tudu sai ga kuka. Ita ce dai kukarmu ta miya, amma iskar teku ta hana ta miƙewa. Gindinta ƙato, rassanta sun kwanta suna bin ƙasa. Ba sarar gatari a jikinta ko ɗaya, ba wanda ya ɓare ta domin igiya.

Daga nan muka gangara wani lungu inda duwatsu suka tare raƙuman ruwa, ruwan ya kwanta kamar tafki. Aka ba mu tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu wanda za ka kama da baki, ƙarshensa yana sama. Kana kife bisa ruwa, fuskarka a ciki, kana numfashi ta bututun. Ruwan akwai sanyi ƙwarai. Daga bisa ba a ganin kome sai walƙiyar rana, amma da na sa fuska, sai ga ƙananan kifaye garke garke suna kiwo a jikin dutse kamar awaki a fako. A cikin ramuka kuma ga waɗansu halittu masu ƙaya kamar bushiya, an gargaɗe mu kada mu taka su.

Ya ku iyaye, ga abin da ya tsaya mani a rai. Wurin nan ba ruwan sha, ƙasarsa kaɗan ce bisa dutse, duk da haka cike yake da rai. Dalili ɗaya ne: an bar shi. Tun kafin dokar gwamnati, masuntan Lebu suna ɗaukan tsibirin mazaunin wani iska mai tsaron Dakar, ba su zama a can. Yanzu kuwa doka ta hana farauta da kwasar ƙwai da sare itace, ba a kwana, yamma ta yi kowa ya koma.

Mu fa? Ƙasarmu ta fi wannan dutse albarka nesa ba kusa ba. Amma kowane rani muna ƙone daji saboda gafiya guda. Yaranmu suna yawo da danƙo, ba sheƙar da ke tsira. Yara nawa ne a ajina suka taɓa ganin zabon daji? Kakanninsu kuwa a bayan gari suke ganinsa.

Ba sai mun je teku ba. Kowane gida yana iya keɓe itace ɗaya a gona wanda ba za a sare ba. Kowane uba yana iya ce wa ɗansa, “Tsuntsun da ke kan ƙwai, a ƙyale shi.” Abin da yaro ya koya a gindin murhu ya fi wanda malam zai rubuta masa a allo daɗewa.